Hausawa 32 a Cikin Wani Jadawali

Da za a tsayar da mutum a bakin Kasuwar Libiya a tambaye shi abin da ya sani game da Hausawa, da wuya amsarsa ta wuce agashe da godogodo da goro. In ya yi zurfi ya ƙara da cewa mutane ne masu riƙon addini da jimirin aiki. Ba mu ƙi wannan shaida ba, domin da tiren agashe aka ciyar da da yawa daga cikinmu, da shi aka saya mana littafi da takalmin makaranta. Sai dai akwai wani wuri a wannan birni da sunanmu ya shiga fiye da shekara 30 da suka wuce, aka rubuta shi da Turanci, aka karanta shi a Landan da Amurka, mu kuwa masu sunan yawancinmu ba mu da labari. Wurin nan shi ne Jami'ar Khartum, ɓangarenta na nazarin halittu da cututtuka.

Tsakanin Umbadda da jami'ar tafiyar mota ce, a haye Farin Nilu a bi titi har gaɓar Shuɗin Nilu. Amma iyayenmu sun ɗauke ta gidan wasu, gidan da ake wucewa ta gabansa a kan hanyar neman abinci. Tarihinta da namu kuwa kusan tare suka faro. A 1902 aka buɗe Kwalejin Gordon, wadda ta zama jami'a a 1956. A 1903 aka buɗe ɗakunan gwaje-gwaje na Wellcome a cikin ginin kwalejin, inda wani likita mai suna Andrew Balfour ya duƙufa kan sauron Khartum. A wannan shekara ta 1903 ɗin ce Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya nufo gabas, har suka sauke kaya a gaɓar kogi kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau.

A shekarar 2008 wata mujallar kimiyya ta Amurka ta buga wani bincike da Hisham Hassan da Farfesa Muntasir Ibrahim na Jami'ar Khartum suka yi tare da masana biyu na Jami'ar Stanford. Abin da suka duba shi ne wani yanki na ƙwayoyin gado da uba ke miƙa wa ɗansa namiji kaɗai, wanda masana ke yi wa laƙabi da harafin Y. Tunda uba ne ke bai wa ɗa, ɗa ya bai wa jika, ana iya bin sawunsa a baya kamar yadda maroƙi ke bin salsala, sai dai shi ba ya ƙari don neman kyauta. Sun gwada maza 445 daga al'ummu 15 na ƙasar nan. Akwai Ja'aliyyin da Beja da Nubiyawa, akwai Dinka da Shuluk da Nuwer, akwai Fur da Masalit da Misiriyya da Kibɗawa, akwai Fulani 26. A cikin jerin akwai layi guda da aka rubuta Hausa, a gabansa lamba 32.

Kan takardar ya ce bincike ne a kan Sudanawa. Masu binciken ba su tsaya kafa hujja ba, ba su nemi kowa ya kawo shaidu huɗu ba. Sun zauna su lissafa mutanen Sudan, sai suka lissafa da mu, kamar yadda mai ƙirga 'ya'yan gida ba ya tsallake na ɗakin baya. Wanda bai taɓa tsayawa a layin neman takardar jinsiyya ana juya sunan kakansa a baki ba, ba zai gane nauyin wannan ba. A cikin wannan shekara ta 2008 ɗin ce wata jaridar Khartum ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Jama'armu suka fito a Gadarif da Kasala da Bur Sudan, fadar shugaban ta musanta maganar, amma tabon ya zauna. Kuma mun ga yadda tsohuwar tambayar ta sake tashi a jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli da na Oktoba na 2022, da wuta da gawawwaki.

A nan ne ya kamata mu ja wa kanmu linzami. Binciken ya samu cewa 13 daga cikin mutum 32 ɗin suna ɗauke da wani reshen gado da ake kira R1b, wanda danginsa suka yawaita a yammacin Turai. Wannan lamba ta yi yawo a Facebook, kowa yana ɗinka mata rigar da ta yi masa. Wani ya ce ga shaida mu Larabawa ne, wani ya ce Turawa, wani ya ɗauko labarin Bayajidda ya liƙa. Binciken da ya biyo baya ya nuna reshen da ke jikin Hausawa ya fi yawa ne a kewayen Tafkin Chadi, tsakanin masu harsunan da ke dangi da namu, kuma rabuwarsa da na Turai ta yi dubban shekaru. Ban da haka, mutum 32 ba su ne al'umma ba, kuma layin uba zare ɗaya ne a cikin saƙa mai zare dubu, bai ce komai ba game da iyaye mata. Mu da aka daɗe ana auna mu da asali, bai kamata mu zama masu neman ma'aunin asali ba. In muka yarda jini ne ke ba da ƙasa, gobe wani zai zo da nasa jadawalin. Hujjarmu tana cikin maƙabartun Mai Wurno da Wad Madani, da audugar Jazira da kakanninmu suka tsinta tun da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925, da harajin da aka karɓa a hannunmu ba a taɓa tambayar asalinsa ba.

Waɗannan 32 sau ɗaya aka ɗauki samfurinsu. Akwai waɗanda suka ba da fiye da haka nesa ba kusa ba. A gaɓar kogin Rahad, a jihar Gadarif, akwai ƙauyen Hausawa da ake kira Koka, a wasu takardun Mushra Koka. A yankin kuma akwai Um Salala, ƙauyen Masalit. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai darewa da rani, ga aduwa ga dushe, kuma nan ne mazaunin wani ɗan mitsitsin ƙuda da ke cizo da almuru ya bar wa mutum cutar kala'azar. Duk wanda ya zauna a gabas ya san ta: zazzaɓi na makonni, saifa ta kumbura, yaro ya rame ya zama ciki da ido, in ba a yi magani ba kuwa mutuwa ce. Maganin da aka daɗe da shi allura ce kullum har kwana 30, kafin a haɗa magani biyu a rage zuwa kwana 17.

Daga Afrilun 1994 zuwa Afrilun 1996 masu bincike, cikinsu har da marigayi Farfesa Ahmad Muhammad al-Hasan da Dakta al-Tahir Awad Khalil, suka riƙa zuwa ƙauyukan nan biyu suna duba jama'a gida gida. Abin da suka gani shi ne cutar ta fi kwantar da mutanen Um Salala, a Koka kuwa da yawa ƙwayar ta shige su amma ba ta kayar da su ba. Cikin abubuwan da suka lura da su akwai cewa mutanen Koka sun fi samun abinci mai gina jiki. Kada wani ya karanta wannan ya ɗaga kafaɗa. Mutanen Um Salala fari ne ya koro su daga Darfur, suka sauka hannu rabbana, namu kuwa sun riga su kafuwa, suna da gona a bakin ruwa da kifi a tukunya. Kuma wanda ya ji abin da ya sami Masalit a Jinaina a 2023 ba zai so ya yi musu gori da komai ba.

Aikin bai tsaya nan ba. Cibiyar da al-Hasan ya kafa a jami'ar a 1993, Ma'ahadul Amradil Mutawaɗɗina, wato cibiyar nazarin cututtukan da suka zama 'yan gida, ta ci gaba da komawa ƙauyukan, wannan karon kan zazzaɓin cizon sauro. A 2010 aka buga wani binciken kan sikila a tsakanin iyalan Hausawa da na Masalit ɗin nan, domin an daɗe da sanin cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya na iyayensa yana da wata kariya daga mugun zazzaɓi, wanda ya gaje ta daga ɓangare biyu kuwa shi ke shan wahalar amosanin jini. Don a yi irin wannan aiki sai an san wa ya haifi wa, wa ya auri 'yar wa. Sai mai gida ya zauna ya buɗe salsalar gidansa ga baƙo, uwa ta riƙe yaro yana kuka a soke masa yatsa, ba sau ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Mu da muka san yadda Bahaushe ke tsare sirrin gidansa, mun san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Daga irin wannan aiki ne lambobin yabo suka fito. Hiba Salahuddin Muhammad ta karanta nazarin dabbobi a Kulliyar Kimiyya ta Jami'ar Khartum, ta tafi Kambirij a Ingila ta yi digirin dakta kan dalilin da ya sa kala'azar ke kayar da wani ta ƙyale wani. A 2007 ƙungiyar Royal Society ta Landan, wadda ke cikin tsofaffin ƙungiyoyin masana kimiyya na duniya, ta ba ta lambar da take bai wa matasan masu bincike na Afirka. A 2014 Muntasir Ibrahim ya karɓi lambar C.N.R. Rao daga kwalejin kimiyya ta ƙasashe masu tasowa. Yabon gwani ya zama dole. Mutanen nan sun bar inuwar Khartum sun bi laka da damina zuwa ƙauyukan da manyan gwamnati ba su san hanyarsu ba. Muntasir kuwa, lokacin da jama'a suka fito titi, bai ɓuya a bayan madubin gwaji ba, har aka tsare shi a Fabrairun 2019. Ba mu da hassada a kan ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ke ci mana rai daban ne. Takardar bincike tana da sama tana da ciki. A sama ake jera sunayen waɗanda suka yi aikin, kowa da sunansa da na mahaifinsa, kuma waɗannan sunaye ne ke samun ƙarin girma da gayyata da lambar yabo. A ciki ake jera waɗanda aka yi aikin a kansu, su kuma ba su da suna sai na ƙabila. Haka ƙa'idar take a ko'ina, kuma ɓoye sunan mai ba da jini kariya ce gare shi. Amma dubi yadda abin ke faɗowa a kanmu. Idan Bahaushe ya ba da jini, a rubuta Hausa. Idan Bahaushe ya zama dakta ya rubuta takarda, ba inda za a rubuta Hausa, domin sunan Muhammad Usman ko Amina Abubakar bai nuna gidan kowa ba a ƙasar nan. Muna da likitoci, muna da malaman jami'a, muna da masu aikin ɗakin gwaji. Sai dai da yawansu sun koyi darasi tun suna aji ɗaya cewa kalmar Fallati ba yabo ba ce a bakin mai faɗinta, suka ninke harshensu suka sa a aljihu, ba sa fito da shi sai a gidan biki ko gidan rasuwa. Ba mu ga laifinsu ba, kowa ya san inda takalmi ke matsa masa. Amma sakamakon shi ne yaron da ke fifita garwashi a Kasuwar Libiya bai taɓa jin an ce wancan farfesan ɗan unguwarku ne ba, don haka bai taɓa ɗauka hanyar ta bi ta ƙofar gidansu ba.

Ƙarancinmu a can yana da tushe. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno bayan 1903 suka iso, haka dubban alhazan da suka tsaya noma a hanyar Makka. An sassauta sharaɗin daga baya, amma an riga an yi tsara guda, ko biyu, da takarda ta tsaya musu a maƙogwaro a daidai lokacin da wasu ke cika kujerun jami'a. Akwai kuma namu rabon. Iyayenmu sun amince da allo da tawada, sun yi ɗari-ɗari da makarantar gwamnati, kuma yaron da zai iya kawo kuɗin cefane yana ɗan shekara 12 da wuya a bar shi a aji har ya kai 22. 'Ya mace kuwa ba a ma cika kawo zancenta ba, alhali Hiba mace ce.

Abin takaicin shi ne babu fannin da ya fi dacewa da 'ya'yanmu kamar nazarin halittu. A shiga layin masu sayar da itatuwan magani da kayan miya a ga yarinyar da ke taya kakarta tsaron kaya. Ta san abin da mai saye ke kira aradeb shi ne tsamiya, garad shi ne bagaruwa, gongoles 'ya'yan kuka ne, nabag kurna ce, lalob 'ya'yan aduwa ne, sanamakka filasko ne, karkade zoɓo ne. Ta san wanda ake jiƙawa da wanda ake dafawa, ta san wanda ake hana mai ciki. Tana da suna biyu ga kowane tsiro kafin ta shiga aji, ɗalibin sashen nazarin tsirrai kuwa na Latin kawai zai ɗora a kai ya zama na uku. Haka masuntanmu na Rusairis da Sinnar da Rahad. Sun san ijil shi ne giwan ruwa, garmuɗ tarwaɗa ce, bulɗi karfasa ce, sun san watan da kowanne ke ƙwai da irin ruwan da yake so. Mai bincike kan kifin Nilu yakan shiga kwalekwalensu ya tambaye su, ya koma ya rubuta. Ilimin ya fita daga bakinmu da Hausa ko da Larabci, ya dawo da Turanci da sunan wani a kai, kuma ba sata aka yi ba, mu ne ba mu da wanda zai riƙe alƙalamin.

Yanzu kuma gidan da muke magana a kai ya sha wuta. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 a tsakiyar Khartum ya fara, jami'ar kuwa maƙwabciyar hedikwatar soja ce. Gidan adana halittu na Kulliyar Kimiyya, inda ake kai 'yan makaranta su ga kada da macizai da tsuntsaye, ya zama ba mai iya kai wa gare shi, dabbobin da ke raye suka mutu da yunwa da ƙishirwa a cikin kejinsu. A Soba akwai cibiyar da Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa a 1991 don cutar da ake kira nabit, wadda ke shiga ta sukar ƙaya ta kumbura ƙafa ta ci har ƙashi. Cutar manoma ce da makiyaya masu tafiya ba takalmi a Jazira da Sinnar da Farin Nilu, wato cutar irin mutanenmu. Da ƙoƙarin wannan cibiya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nabit cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Mayun 2016, kuma a can aka fara gwajin sabon magani a 2017. Da aka samu shiga bayan soja sun karɓe Khartum a Maris 2025, sai aka tarar an wawashe ta, samfuran da aka tara na fiye da shekara 40 sun lalace. A ƙarshen wannan watan ne soja suka ba da sanarwar karɓe Kasuwar Libiya, masu shaguna suka dawo suka tarar da ƙofofi a ɓalle. Ɗan kasuwa da farfesa sun tsaya a gaban kango iri ɗaya, bambancin kawai shi ne ana iya sake saro atamfa, amma ba a sake saro samfurin majinyacin da ya rasu shekara 30 da suka wuce.

Abin da ya tsira shi ne abin da aka buga. Layin nan mai lamba 32 yana nan, Koka tana nan a cikin mujallu, ba mai iya wawashe su. Jami'ar kuwa za ta sake tashi, kuma za ta tashi ne da ƙarancin mutane, domin malamai da yawa sun watsu a Alƙahira da ƙasashen Larabawa da Turai, ba duka za su dawo ba. Kujerun da aka cike a 1956 ba mu a wurin, yanzu wasunsu sun zama babu kowa. 'Ya'yanmu kuma suna cikin waɗanda yaƙi ya fi yi wa ɓarna a karatu. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahadar Sudaniyya a 2023 sai a Disambar 2024 suka zauna, waɗanda hanya ta yanke musu kuwa ko a lokacin ba su samu ba, da yawa sun riga sun kama tire ko turin baro.

Ƙungiyoyinmu sun iya tara kuɗi. Muna tarawa don diyya, muna tarawa don gina masallaci, muna tarawa don tarbar baƙo daga Kano. Kuɗin rajistar ɗalibi ɗaya a Kulliyar Kimiyya da kuɗin motarsa daga Umbadda bai kai abin da ake kashewa a walima ɗaya ba. Waɗanda suka riga suka haye kuma, ba mu ce su rataya allo a wuya ba. Ya isa likita ko malama su zo makarantar unguwa sau ɗaya a shekara, su gaisa da yara da Hausa, su faɗi sunan layin da aka haife su.

Masu bincike ma za su dawo ƙauyukanmu, domin sauro da ƙudan kala'azar ba su yi hijira ba. Idan sun zo, a tarbe su kamar yadda aka saba, a ba su ruwa da tabarma. Amma masu gari su nemi abu biyu kafin a miƙa hannun yaro. Na farko, a ɗauki ɗan gari ko 'yar gari mai shahada a cikin ayarin, a koya masa aikin madubi da rubuta bayanai, ba tafinta kawai ba, in aikinsa ya kai a sa sunansa a sama. Na biyu, idan an gama a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka samu da harshen da suke ji. Binciken sikila na 2010 da Turanci yake, alhali abin da ya fi shafar gidajenmu game da sikila bai fi jimla biyu ba: idan miji da mata duka suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ɗa mai cutar, kuma gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa yana nuna wanda ke ɗauke da ita. Mu da auren zumunci ya yi wa yawa, wannan magana a zauren mai gari ya kamata a yi ta, da iyaye mata a bayan asabari suna ji.